Gasar ƙwallo ta rejiyonal a Arewacin Kamaru: daga ina ta faro, kuma yaro zai iya cin abinci da ita?

Ɗan_Yelwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah tambaya gare ni ga manyanmu da suka san harkar ƙwallon nan ta gida, ba ta Turai ba. Ƙanina ne, shekararsa 17, yana lise, wato babbar sakandare, saura kaɗan ya gama, bana ya buga shampiyona na vakans, wato gasar hutun makaranta, a unguwarmu nan Garwa sai wani mai kulob ya gan shi ya biyo shi har ƙofar gida wai yana so ya yi masa lisans, wato katin ɗan wasa, ya buga musu rejiyonal, gasar jiha. Tun ranar yaron nan bai bar kowa ya huta ba, tsohuwarmu kuma ta ce ni zan yanke tunda ni ne babba. To ni wlh in ka cire Coton Sport da Lions, ƙungiyarmu ta ƙasa, ban san komai a ƙwallon ƙasar nan tamu Kamaru ba, Barça da Real muke ta musu a kai a shago daga safe har dare. Wai ita rejiyonal ɗin nan aji na nawa ce, ana biyan albashi ko gudu ne kawai a rana? Sannan kawunmu yana yawan cewa da can ƙungiyoyin Arewa da dama sun buga aji na ɗaya, har Gidar da Yagwa, to ina suka shige, me ya sa Coton kaɗai ake jin sunanta a rediyo? Wanda ya sani ya taimaka ya min dalla-dalla, na gode.

Tsohon_Gola

Wa alaikumus salam ɗana. Ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi, sai dai ka yi haƙuri da tsawon rubutu. Ni na tsare gida a wannan gasar a shekarun 1990, lokacin ba rejiyonal ake ce mata ba, profansiyal muke cewa, don sai a 2008 aka daina kiran jihohinmu province aka koma région.

Yadda abin yake yau: a sama Elite One, ƙarƙashinta Elite Two, su biyun nan na ƙasa baki ɗaya ne. Sai rejiyonal, kowace jiha cikin goman nan da tata, mu a Arewa uku gare mu, Adamawa, Nord da Extrême-Nord. Ƙarƙashinta kuma depatamantal, wato ta gunduma-gunduma, kamar a jiharmu akwai Benuwe, Mayo-Luti, Mayo-Rey da Faro. Kenan aji na uku ake kiran ƙaninka. Duka a ƙarƙashin FECAFOOT suke, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru.

A zamaninmu babu wata Elite Two, ita an kawo ta ne gab da 2010. Mu ne aji na biyu, daga mu sai manya. Kafin 1983 ma Arewa duk lardi ɗaya ce, tun daga Banyo har Kusiri, Garwa ce hedkwata, a wannan shekarar aka tsaga ta gida uku kowa ya koma yin tasa gasar. To in kun ci gasar lardinku ba wai kun hau ba ne fa, sai kun je antarpul. A nan ake yi. A tara zakarun larduna duka a gari ɗaya ko biyu, a buga cikin ƴan makonni, kujerun hawa kuma biyu ne ko uku. Wahalar shekara guda cur sai ta ƙare a wasa ɗaya da ka yi kunnen doki a inda ya kamata ka ci. Har gobe wannan antarpul ɗin na nan, illa dai yanzu Elite Two take kai ka.

Mu da muka je, wani gari aka kai mu a Kudu. Yaran da suka saba da busasshiyar ƙasa, ƙwallo tana tsalle kamar an kore ta, sai ga mu a ciyawa ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa, rabinmu ba mu da takalmi mai dogon haƙori, ɗan bayanmu in ya zo tare mutum sai ya wuce da santsi ya bar ni ni kaɗai da ɗan gaba. Ga abinci, mun saba da tuwon dawa da miyar kuka ana ta tura mana rogo a ganye, ciki ya ɗauri ruwa. Ga kuɗin masauki ya ƙare tun ba a gama zagayen farko ba, shugabanmu yana ta buga waya gida a turo. Mun dawo dai ba mu hau ba, shekarar da ta biyo baya shugaban ya ce ya gaji, ƙungiyar ta watse, ko rigunan ban san wa ya kwashe ba.

Abin da kawunku ya gaya muku gaskiya ne. Etoile Filante ta Garwa ita ce ƙungiyar gari tun kafin a san da Coton, ta buga aji na ɗaya. Daga baya Sahel ta Marwa ta buga, Espérance ta Gidar ta buga, Danay ta Yagwa, ƙungiyar jami'ar Ngaundare, Roumdé Adjia FC ta nan Garwa, har Scorpion ta Bé wadda ko taswira ka ɗauko sai ka sa tabarau kafin ka ga garin. Duk ta wannan hanyar suka bi. Amma ka lura, galibinsu shekara biyu, uku, huɗu, sai su faɗo, in sun faɗo kuma ba kasafai suke tsayawa a tsakiya ba, har ƙasa suke kaiwa. Dalili ɗaya ne a ganina: ƙungiya a wurinmu aljihun mutum ɗaya ce. Wani Alhaji ɗan kasuwa ko ɗan siyasa ko babban ma'aikaci ɗan garin, shi ke sayen riga, shi ke biyan mota, shi ke ba da firim, wato tukuicin cin wasa. Ranar da kasuwa ta juya masa baya ko zaɓe ya wuce ko Allah ya yi masa rasuwa, ƴaƴansa ba su gaji son ƙwallo ba, shi kenan an rufe.

Coton kuwa ba mutum ba ce ke riƙe da ita. A 1986 aka kafa ta a gindin SODECOTON, kamfanin auduga, mai man Diamaor ɗin nan da ake soya mana ƙosai da shi. Ita ma ba daga sama ta faɗo ba, ta buga gasar lardi ta bi antarpul ta hau a farkon shekarun 1990. A 1997 ta ɗauki kofin gasar ƙasa, kafin wannan ba a taɓa samun ƙungiyar Arewa da ta ɗauka ba, abin na su Canon da Tonnerre ne na Yawunde, da Union ta Duwala, da Racing ta Bafusam. Ta sake a 1998, ta sake a 2001, sannan daga 2003 zuwa 2008 sau shida a jere ba wanda ya taɓa shi sai ita. Zuwa 2023 ta tara 18. A Afirka ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF a 2003, Raja ta Kasabalanka ta doke ta. Sai 2008 da ta fito daga rukuni ɗaya da Enyimba, TP Mazembe da Al Hilal, ta cire Dynamos ta Zimbabuwe, ta haɗu da Al Ahly ta su Aboutrika a wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka. An ci mu 2-0 a Alƙahira, aka dawo filin Roumdé Adjia na Garwa aka tashi 2-2. Ina cikin filin ranar, tun kafin azahar babu wurin sa ƙafa, mutane daga Pitoa, Ngong, Gidar, Figil, wasu a bayan babbar mota. Kofin dai a gabanmu aka miƙa wa Misirawa.

Sirrin ba wani asiri ba ne, ƙarshen wata ɗan wasa yana ganin kuɗinsa, akwai likita, akwai filin atisaye, akwai makarantar yara. Abubakar ɗinmu, Vincent, daga nan ya je kofin duniya na 2010 yana ɗan wasan gida kafin ya wuce Valenciennes. Jacques Zoua daga nan ya tafi Basel, Edgar Salli ya tafi Monaco.

Albashi a rejiyonal kuwa, cire shi daga ranka. Ɗan kuɗin sa hannu in an dace, kuɗin mota na atisaye, firim in an ci wasa, shi ma in mai kulob yana cikin farin ciki. Yawancin yaran da safe suna kilando, wato acaɓa, ko gareji ko kasuwa, la'asar su zo fili.

Na_Domayo

Kawu Tsohon_Gola Allah ya ƙara girma, ka zuba tarihi kam, amma ka yi min afuwa ku mutanen Garwa in kuna ba da labarin ƙwallon Arewa sai ku mai da shi labarin Coton. Ni daga Marwa nake magana. Coton babbar bishiya ce, kowa na shan inuwarta yana alfahari, amma ba abin da ke tsirowa a ƙarƙashinta. Duk yaron da ya ɗan yi ƙyalli a Marwa ko Yagwa ko Mokolo ko Kaele kafin ya shekara biyu an ɗauke shi, kuma ba za ka ga laifin yaron ba tunda can ne ake biya, amma ƙungiyar da ta raine shi me ta samu? Wani lokaci ƙwallaye da riguna saiti ɗaya, a yi hoto a watse. Audugar da ke riƙe da Coton kuwa ai har a gonakinmu na Diamare da Mayo-Kani ake noma ta.

Maganar aljihun mutum ɗaya ma ban yarda ita ce duka ba. Je ka jihar Yamma ka gani, Sable ta Batié ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1999, Fovu ta Baham ta ɗauka a 2000, garuruwan da Marwa ta ninka su ban san sau nawa ba, su ma ai attajirai ne ke riƙe da su. Bambancin su in za su buga a Bafusam ko Bafang ko Chang tafiyar awa ɗaya biyu ce, Duwala da Yawunde ma da safe ka tashi da rana ka isa. Mu fa? Ka ce ƙungiyar Marwa ta hau Elite Two an sa mata wasa a Duwala ko Limbe. Sai ta shiga motar ajans zuwa Ngaundare, kusan kilomita 500, ta Garwa da hawan dutsen nan na falez, ta kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ta sake shiga wata motar. Mutum ashirin da wani abu, ci da sha da masauki, zuwa da dawowa, kuma ba sau ɗaya ba, duk bayan mako biyu. Ƴan wasa su sauka ƙafa a kumbure a ce su shiga fili. Ko Alhajin da ya fi kowa son ƙwallo a shekara biyu sai ya ɗaga hannu. Shi ya sa ni na sha jin masu kulob suna faɗa a ɓoye cewa gara su zo na biyu a rejiyonal da su hau, don hawan shi ne mutuwar ƙungiyar.

Ko a cikin jiharmu ma tafiyar ba wasa ba ce. Marwa zuwa Kusiri ta Mora, Waza, Dabanga, duk wanda ya bi hanyar nan da damina ya san me nake faɗa. Daga 2014 kuma Boko Haram ta shigo mana, a Yulin 2015 aka tada bama-bamai a cikin Marwa kanta, aka shiga takura taro da babura, wane uba ne zai bar ɗansa ya bi ƙungiya zuwa Mora ko Kolofata saboda firim? Yara da yawa da muka taso muna cewa wannan sai Lions, a wannan tsakanin suka bar ƙwallo suka kama neman abinci.

Sai batun fili. Da aka kawo CAN, gasar kofin ƙasashen Afirka, Garwa aka gyara Roumdé Adjia wanda tun 1978 yake, aka yi filayen atisaye masu ciyawa, mu ma mun zo mun ga Najeriya ta ci Masar 1-0 a Janairun 2022, mun ga Tunisiya ta cire Najeriyar a zagaye na biyu ƴan uwanmu na Yola da Mubi suka koma jiki a sanyaye. Madalla. Amma Marwa da yawan jama'arta me aka bar mata? Ka zo filin Yaya Dairu a watan Afrilu zafi ya haura 40 ka ga inda yaranmu ke faɗuwa su tashi da gwiwa a goge.

Ɗan_Yelwa, ni dai shawarata tunda a Garwa kuke to kun fi mu sa'a, idanun masu neman yara suna nan kusa da ku. Ka bar shi ya buga.

Hajiya_Baladji

Ni ban san tarihin ƙwallo ba ƴaƴana, amma na san tarihin ƴan ƙwallo don a gidana na raini biyu nan Ngaundare. Ɗaya ɗan cikina, ɗaya ɗan yayata. Na yayata ya bar makaranta yana aji huɗu na sakandare wai koci ya ce atisayen safe dole ne, ya buga rejiyonal har gwiwa ta tashi, ranar da aka kawo shi gida a kan babur ban ga mai kulob ba ban ga koci ba, ni da uwarsa muka sayar da abin da muka sayar aka yi masa aiki. Yanzu yana tallan katin waya a bakin tasha, Allah ya rufa masa asiri yana ciyar da iyalinsa, amma har yau in ana ƙwallo a talabijin tashi yake ya fita. Nawa kuwa na ce ka buga duk abin da za ka buga amma sai na ga bak, takardar gama sakandare, a hannuna. Ya yi fushi da ni kamar me, ya buga, bai kai ko'ina ba shi ma, amma yana koyarwa yanzu. Ɗan_Yelwa ka gaya wa mamanku ina gaishe ta, kuma kafin a sa hannu a tambayi mutumin nan a gaban shaidu: in yaron ya karye wa zai biya asibiti?

Sakataren_Kulob

Salam. Hajiya ta riga ni, amma bari in ƙara ta ɓangaren takardu tunda aikina kenan a wata ƙaramar ƙungiya, ba zan faɗi sunanta ba kar a ce talla nake.

Na farko shekaru. Duk wanda ya ce muku a rage wa yaron nan shekara biyu uku a yi masa sabuwar takardar haihuwa don ya "daɗe yana yaro", ku rufe masa ƙofa. Da can ana yi ana wucewa, yanzu komai na cikin kwamfuta. A wajajen shigowar 2023 cikin yara 30 da aka kira ƙungiyar ƙasa ta ƴan ƙasa da 17, guda 21 suka faɗi gwajin ƙashin hannu na MRI aka sallame su. A Maris 2024 kuma FECAFOOT ta fitar da sunayen ƴan wasa 62 kan batun takardu biyu gab da fara wasannin play-off na Elite One. Yaron da yake lise sunansa da ranar haihuwarsa suna cikin dosiyen jarrabawa, in aka canza a lisans to an haɗa masa rigimar da za ta bi shi har tsufa.

Na biyu, lisans ɗin rejiyonal ta ƴan sa-kai ce, wato amatar, ba kwantiragin ƙwararru ba ce. Ƙwararru a takarda su ne Elite One da Two, tun da aka kafa hukumar gasar ƙwararru a 2011 ƙarƙashin Janar Pierre Semengue, wadda daga baya rigima ta ɓarke tsakaninta da FECAFOOT har aka kai kotun wasanni ta duniya. Ko a can ɗin ma ƙungiyar ƴan wasa SYNAFOC ta Geremi Njitap kullum cikin kukan bashin albashi take, balle mu nan ƙasa. Don haka kar ku bari a ba ku wata doguwar takarda ta shekara biyar da Faransanci a ce sa hannu kawai. Tunda bai kai 18 ba dole sai da sa hannun waliyyi, to kai waliyyin ka karanta, ka riƙe kwafi, kuma a rubuta cewa ƙarshen kaka in yana son tafiya za a ba shi takardar saki ba tare da an ɗora masa kuɗi ba. Rabin rigimar da nake gani a kan wannan takardar sakin ce, yaro ya samu inda ya fi a ce sai ya biya abin da aka kashe masa.

Na uku, kuma wannan amsa ce ga yayana Na_Domayo da ya ce ƙungiyar da ta raini yaro ba ta samun komai. A dokar FIFA akwai haƙƙinta. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da ya bi tun yana shekara 12 har 23. Tun ƙarshen 2022 ma FIFA ta buɗe ofishi na musamman da kuɗin ke bi ta cikinsa. Amma sai in sunan yaron yana cikin rajista a ƙarƙashin ƙungiyarka a waɗannan shekarun. Mu kuwa sai yaro ya shekara uku yana bugawa da lisans ɗin wani, ko ba a sabunta ba, ko ƙungiyar ba ta da ko asusun banki, sunanta bana daban baɗi daban don an sayar da gurbin ga wani Alhajin. Ranar da yaron ya fashe a Turai sai a fara neman tsohon hoto a Facebook a matsayin hujja. Wannan ba Coton ce ta yi mana ba.

Sai ƴan "manaja" masu cewa a kawo kuɗin fasfo da biza akwai gwaji a Turkiyya ko Dubai. FIFA ta hana fitar da yaro ƙasa da 18 zuwa wata ƙasa in ba da wasu ƴan sharuɗɗa ba. Kuma ƙungiyar da ke son ka da gaske ita ke turo tikiti.

Ɗan_Gadar_Ngeli

Hhhh ku mutanen Kamaru kuna kuka da rejiyonal, ku tsallako gada ku ga namu. Ni a Njamena nake amma kullum ina Kusiri saboda kaya. Mu a Cadi shekara da shekaru in an ce gasar ƙasa to kusan gasar Njamena ake nufi, Renaissance, Tourbillon, Gazelle, Foullah Edifice, Elect-Sport, AS CotonTchad, duk a gari ɗaya, a filin Idriss Mahamat Ouya ake ta jujjuyawa. Su Mundu, Sarh da Abeshe kowa ya buga tasa a gida sannan a kira zakaru a haɗa, kusan irin antarpul ɗinku, kuma in an haɗu sanin kowa ne inda kofin ke kwana. An kawo wata gasa mai suna LINAFOOT don a yi ta ƙasa sosai, amma kuɗin tafiya daga Abeshe zuwa Mundu wa zai biya? Maganar Na_Domayo ce dai ta hanya.

Kuma abin da kawu ya faɗa na kamfani mu ma haka ne, Elect-Sport ta kamfanin wuta ce, CotonTchad ta kamfanin auduga, sai dai tamu audugar ba ta yi abin da taku ta yi ba wlh. Ƙungiyar ƙasa ma a 2016 janyewa ta yi daga neman gurbin CAN saboda rashin kuɗi, muna rukuni ɗaya da Najeriya da Masar, har yau ƴan Najeriya na cewa mu muka ɓata musu lissafi. A 2021 kuma FIFA ta dakatar da mu wata shida saboda gwamnati ta sa hannu a harkar hukumar.

Shi ya sa yaranmu Kamaru ce ƙofarsu. Japhet N'Doram daga Tourbillon sai da ya bi ta Tonnerre ta Yawunde kafin ya je Nantes ya ɗauki kofin gasar lig ta Faransa a 1995. Marius Mouandilmadji daga Gazelle ya je Coton, daga Garwa sai Porto a 2018. Ƴan Nijar ma haka, Kamilu Dauda da gola Kassali ai a Coton suka yi suna. To abin da wasu ke ƙetare iyaka su nema ku yana bayan gidanku.

Ɗan_Yelwa

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya mama ta amsa, ta ce maganarki ita ce tata. Malam Sakatare mutumin kam ya riga ya fara maganar wai 17 ta yi yawa a mai da shi 15, ni ban ɗauke ta komai ba sai yanzu. Kawu Tsohon_Gola, ta yaya zan gane ƙungiyar kirki ce ko ta bogi tun kafin mu sa hannu?

Tsohon_Gola

Ɗana, wanda ya fara da maganar rage shekara ai ya riga ya gaya maka ko shi wanene. Amma kar ka tsaya a bakinsa, ka je filin atisayensu ba tare da ka sanar ba, ranar Talata ko Laraba da la'asar. Ƙirga ƙwallayen da ke fili, in biyu ne ga mutum talatin ka san inda aka dosa. Duba ko akwai ruwan sha da akwatin magani. Duba kocin, yana da takardar koyarwa ko ƙanin mai kulob ne aka ba usur. In an tashi ka ja ɗaya daga cikin manyan ƴan wasan gefe ka saya masa shayi ka tambaye shi firim nawa suke bi, kuma bara sau nawa suka yi forfe, wato suka kasa zuwa wasa, don babu kuɗin mota ko na alƙalan wasa. Ƙungiyar da ke forfe ba ta kai yaro ko'ina don ba wanda zai gan shi. Ka kuma tambaya da azumi ƙarfe nawa suke atisaye, da lokacin jarrabawa ko suna sakin ƴan makaranta.

Kai kuma Na_Domayo, na ji ka, hanya gaskiya ce ban musa ba. Amma Gazelle ta nan Garwa ta hau Elite One a ƴan shekarun nan tana zaune gari ɗaya da Coton, jirgin ƙasan da kuke shiga shi take shiga, ba ta mutu ba. Ku attajiran Marwa nawa ne a kasuwar Duwala da Yawunde? Ku haɗa goma su riƙe ƙungiya ɗaya mana, maimakon kowa ya buɗe tasa da sunan unguwarsu.

Na_Domayo

Kawu ai Gazelle a ciyawar da CAN ta bar muku take bugawa, kuma Garwa ta fi mu kusa da jirgin da kilomita 200 da ɗoriya, kar a haɗa. Maganar attajirai goma kuwa an sha gwadawa, a zaman farko ake watsewa a kan wa zai zama shugaba wa zai riƙe kuɗi, kai ma ka sani don a Garwa ma haka ne in ka cire kamfani. Malam Sakatare don Allah in ka leƙo ka min bayanin yadda ake duba ko sunan yaro ya shiga rajistar nan, akwai wani namu da ya tafi Tunisiya bara daga ƙungiyar unguwarmu, shekara huɗu yana hannunmu.